Yadda ake haɗa laftof da wayifai a Saudiyya

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke zuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, da 'yan uwa masu aiki a Jidda da Riyad, a nan suke sayen laftof, sabuwa daga shagon Jarir ko ta hannu daga Haraj, kasuwar kayan hannu. Matsalarsu kusan iri ɗaya ce: kwamfuta ta ga wayifai, an saka kalmar sirri, ta ƙi. Sai a ɗora wa kamfanin intanet laifi, alhali matsalar tana ƙarƙashin yatsunsu.

Da farko ka danna madannin Windows tare da A. A Windows 11 akwati zai fito mai alamar wayifai da ta jirgin sama. Idan ta jirgin tana kunne, kashe ta. Kwamfutar da aka saita da Larabci komai nata a juye yake, agogo da alamar wayifai suna ƙasa ta hagu, kada ka tsaya nema ta dama.

Danna kibiyar da ke gefen alamar wayifai, sunaye za su jeru. Sunan na gidanku yana jikin takardar da aka manna a bayan rawta, wato na'urar da ke ba da wayifai, ko ƙarƙashinta, ko ta kamfanin STC ce ko Mobily ko Zain, muddin mai gida bai sauya ba. Sau da yawa za ka ga sunan sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. In kana ɗaki ɗaya da rawtar, ɗauki wannan, ya fi gudu. In akwai bango biyu tsakaninku, ɗauki ɗayan, marar 5G, shi ya fi ratsa gini.

Yanzu wurin da ake faɗuwa. Kafin ka taɓa kalmar sirri, dubi kusa da agogo. Idan ka ga harafin ع, madannanka suna kan Larabci: ka danna A, kwamfuta ta rubuta shinun, ka danna S, ta rubuta sinun. Kai kuwa ɗigo-ɗigo kawai kake gani, kana rantsuwa daidai ka saka. Danna Windows tare da dogon madannin tazara har ENG ya bayyana. Bayan ka rubuta, danne alamar ido da ke ƙarshen akwatin ka karanta abin da ka saka. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, sifili da harafin O kuma suna rikita mutane a rubutun takardar rawta. In kalmar ba ta kai haruffa 8 ba, ka tsallake wani abu. Ni dai ban yarda a karanto wa mutum ita da baki ba. Ɗauki hoton takardar da waya, ka kwafa a natse.

Idan an sauya kalmar kuma kwamfuta ta nace wa tsohuwar, danna sunan da madannin dama, ka zaɓi a manta da shi, ka sake daga farko.

A otal-otal na Makka da Madina, haɗuwa ba ta isa ba. Buɗe Chrome ko Edge, shafi zai fito yana neman lambar ɗaki ko ta waya. Lokacin aikin Hajji da azumi mutane sun yi wa layin yawa, gara ka raba intanet daga wayarka. Sai dai kafin nan ka shiga saitin wannan haɗin ka nuna wa Windows cewa data a ƙirge take, in ba haka ba sabunta kanta kaɗai zai cinye maka riyalolin da ka saka.