Liyafar girkin Meziko a gida: inda ake kuskure da yadda za a gyara

Yawancin masu gwada girkin Meziko tun a wajen tortiya suke faɗuwa, wato faifan gurasar da ake naɗe nama a ciki. Sai ki ga an kwaɓa garin masarar tuwo, ana murzawa yana farfashewa. Ba laifin hannunki ba ne. Mutanen Meziko da farar ƙasa ta abinci suke dafa masararsu kafin niƙa, wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo. Sunan ƙullin masa, amma babu abin da ya haɗa shi da masarmu ta tanda. Idan kin samu garinsa, irin mai tambarin Maseca, ki zuba ruwan ɗumi kofi 1 da rabi a gari kofi 2 da ɗan gishiri, ki rufe minti 20. In bai samu ba, ki yi da fulawa, haka ake yi a arewacin ƙasar. Kasko ya yi zafi sosai, babu mai, kowane gefe kamar minti 1. Da kin sauke ki lulluɓe da tsumma mai tsabta, tururin ne ke hana ta bushewa.

Naman gashi kuwa, kada ya kwana a ruwan lemun tsami. Tsamin yana cinye samansa, ya fito fari-fari ba armashi. Awa 2 ta isa. A gasa a garwashi mai ƙarfi, a bar shi ya huta minti 10, sannan a yanka siri-siri a gicciye da zaren naman. Wanda ya bi tsawon zaren zai sha tauna.

Ki yi hattara da attarugu. Yajinsa ya ninka na barkonon halapenyo nesa ba kusa ba, don haka inda aka ce halapenyo 2, rabin attarugu ya wadatar, a cire 'ya'yan. Tumatirin da za a haɗa da albasa da ganyen koriyanda kuma a barbaɗa masa gishiri, ya tsane a rariya minti 15, in ba haka ba ruwansa ya jiƙe tortiyar ta yage a hannun baƙo.

Gwakamoli, wato kwaɓin fiya, ba ya son bilenda. Fiya 3 nunannu, ruwan lemun tsami 1, gishiri, a dama da cokali mai yatsu a bar gudaji. Iska ce ke baƙanta shi, jefa ƙwallon fiya a ciki ba ya hana komai. Ki manna leda a kan fuskarsa har ta taɓa shi.

Ainihin margarita, wani abin sha na lemun tsami da ake shafa wa bakin kofinsa gishiri, da barasar tekila ake haɗa ta, amma ana yin mara barasa mai daɗi: ruwan lemun tsami cokali 2, na lemun zaƙi cokali 4, narkakken sukari cokali 1, a cika da ruwan soda. A matse lemun a ranar, na kwalba ɗaci gare shi. Gishirin bakin kofi a waje kawai ake shafa shi, in ya zuba ciki ya ɓata abin shan.

Abin da suke kira agua de jamaica zoɓonmu ne, har daga Najeriya Meziko ke sayensa. Nasu galibi ba citta ba kanumfari. Zoɓo kofi 1 a tafasasshen ruwa kofi 4, a sauke ya jiƙa minti 15, a tace, a sa sukari, a ƙara ruwan sanyi kofi 4. Kada ki zuba ƙanƙara a jug ɗin, narkewa za ta yi ta salance shi. A sa wa kowa a kofinsa lokacin sha.