Yadda Jagora Zai Ɗana Tarko a Wasan Labari na Tebur

Wasan labari na tebur, irin Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kayansa kaɗan ne: takarda, fensir, dayis, da mutum huɗu ko biyar a tabarma ɗaya. Ɗaya shi ne jagora, labarin da asirinsa na hannunsa, sauran kowa da jarumin da yake tafiyarwa. Ba a sa kuɗi, ba caca ba ce, dayis ɗin raba gardama kawai yake yi idan ana shakkar ko abu zai yiwu. A Bauchi dayis na ludo mai fuska 6 ba ya wuyar samu, amma mai fuska 20, wato d20, sai an yi odarsa. Kafin ya iso, manhajar jifa a waya ta wadatar, ko a rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu a zuba a hula.

Inda sabon jagora ya fi yin tuntuɓe shi ne tarko. Sai ka ji ya ce: "Ka taka wani dutse, kibiya ta same ka, cire maki 9." Ɗan wasa bai ga komai ba, bai zaɓi komai ba, an dai cire masa jini. Daga nan tsoro ya shiga tebur, kowace ƙofa sai an ce "ina duba tarko", kowane taku sai an zunguri ƙasa da gora, zaman da aka ware daga La'asar zuwa Magariba ya ƙare ba a wuce zauren farko ba. Laifin ba na 'yan wasa ba ne. Tarkon da ba shi da alama ne ya koya musu hakan.

Tun kafin ranar wasa, ka rubuta wa kowane tarko abu biyar a layi biyar: wa ya ɗana shi kuma me yake karewa, me ke tayar da shi, me yake yi idan ya tashi, wace alama ya bari, da yadda ake kwance shi ko kauce masa. Tambayar farko ita ce uwar sauran. Wanda ya haƙa rami a gidansa, ai dole yana da hanyar da yake bi kullum bai faɗa ba, kuma wannan hanyar ita ce alamarka mafi kyau.

Ɗauki misali. Jarumai sun shiga gidan ƙasa na wani attajiri a tsohon birni mai ganuwa irin ta Bauchi. A zaure na biyu akwai rami mai zurfin ƙafa 10, an rufe bakinsa da karan dawa da asabari, an yaɓe da ƙasa ya yi kama da daɓe. Alamunsa uku. Ta farko kyauta ce, ka faɗe ta ga kowa tun suna bakin ƙofa: ƙurar hunturu ta kwanta a ɗakin, amma sawun takalmi duk ya bi jikin bangon dama. Ta biyu ta mai kaifin ido ce: daɓen tsakiya ya fi na gefe ja, kamar sabon yaɓe. Ta uku sai wanda ya durƙusa ya duba: tsakiyar ta ɗan lotsa, kuma gara ta fito da ƙasa a wani siririn layi mai kusurwa huɗu, don tana cin karan da ke ƙasa. Da waɗannan ukun, ko sun faɗa ramin, za su ce "wallahi sawun nan ya gaya mana", ba za su ce jagora ya zalunce su ba.

Yanzu lissafi, bisa bugu na biyar na Dungeons & Dragons na 2014. Kowane aiki na da lambar wahala, DC: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ana jefa d20 a haɗa da ƙarin jarumi, wato lambar ƙwarewarsa a wannan aikin, in ya kai lambar wahalar ya ci. Ban da wannan akwai lura ta ɗabi'a, wadda ba a jefa mata dayis: 10 ne a haɗa da ƙarin lurar jarumi. Mai ƙarin 3 na da 13. Idan yanayi ya taimake shi a ƙara 5, idan ya takura shi a cire 5. Ka rubuta lambar kowa a gefen takardarka don kada ka riƙa tambaya a tsakiyar wasa. Abu biyu da ake yawan mantawa: haske mai dushi-dushi na cire 5, tafiyar gaggawa ma na cire 5. Wutar itacen da jarumi ke riƙe tana haska ƙafa 20 sosai, ƙafa 20 na gaba dushi-dushi. Har jarumin da ke gani a duhu, dushi-dushi yake gani, don haka in ya shiga babu wuta 13 ɗinsa ta koma 8.

Lura ta ɗabi'a na da wani aibi da ya kamata a faɗa ƙarara. Kai ne ka san lambar kowa, kai ne kuma ke sa lambar tarko, kenan tun a gida ka yanke ko za a gani ko ba za a gani ba. Mafita ita ce kada wannan lura ta ba da tarkon gaba ɗaya, ta ba da alama ta biyu kawai. Ka ce "daɓen tsakiya ya fi ja", ka yi shiru. Gano ma'anarsa aikin ɗan wasa ne, ko da tunaninsa, ko da jifan bincike. Lura ke nuna cewa akwai abu, bincike ke nuna yadda abin yake aiki, kayan buɗe kwaɗo da saurin hannu su ke kwance shi.

Kada ka ce "kowa ya jefa na lura" a ɗakin da akwai tarko kaɗai. Da zarar ka faɗa ka tona asirin, ko sun jefa 2 sun san da wani abu. Ga kuma matsalar yawa: mai ƙarin 3 na buƙatar 12 don ya kai 15, damarsa 45 cikin 100, amma in mutum huɗu irinsa suka jefa, damar ɗaya ya ci ta kai kusan 91 cikin 100. Ka bar jifa ga na gaba a layi, ko wanda ya ce shi zai duba, wani ya taimaka masa a jefa sau biyu a ɗauki babba. In kana so ɗan wasa ya kasa sanin ko ya ci, jefa masa a bayan littafi, kamar yadda wani wasan irin wannan, Pathfinder bugu na biyu na 2019, ya tanada. Kuma jifa ɗaya ne ga wuri ɗaya. Wanda ya nace sai ya sake, lokaci zai biya: bincike ya ci minti 10 na cikin labari, ka jefa dayis na ludo, in 1 ta fito masu gadi sun ji motsi. Tsofaffin bugun Dungeons & Dragons haka suke yi, kuma har yau yana aiki.

Idan ɗan wasa ya faɗi aikin da dole ya bayyana tarkon, babu jifa. Ya ce zai zuba ruwan gorarsa a daɓe ya ga inda zai zurare, ko zai caka mashi a tsakiya, to ya gano ramin, shi ke nan. Sa shi jifa bayan wannan dabara hana shi ladan tunaninsa ne, kuma gobe ba zai sake yin tunanin ba.

In tarko ya tashi, ba su daƙiƙa ɗaya. Ka ce: "Ka ji ƙas a ƙarƙashin ƙafarka, kara ya karye. Me za ka yi?" Wanda ya ce zai yi tsalle baya, ba shi jifa biyu ya ɗauki babba a jifan tsira, wato jifan kauce wa haɗari. Wanda ya ce zai kwanta ƙasa, da kibiya ce da ya tsira, a rami kuwa ya ƙara wa kansa wahala. A nan ne tebur ke ɗaukar zafi, kowa ya miƙe zaune.

Batun rauni, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Raunin faɗuwa 1d6 ne, wato jifa ɗaya na dayis mai fuska 6, a kowace ƙafa 10, ramin misalinmu ba ya kisa. Ga sababbin jarumai na mataki 1 zuwa 4, tarko mai sauƙi 1d10 ne, mai haɗari 2d10, mai kisa 4d10, wato jifa huɗu na dayis mai fuska 10. Matsakaicin 4d10 22 ne. Mai sihiri na mataki 1 da makin rai 7, in 22 ta same shi ragowar 15 ta wuce makinsa duka, a ƙa'ida ya mutu nan take, babu jinya. Irin wannan tarko sai da alamu masu ƙarfi, kamar ƙasusuwa a bakin ƙofa. Sau da yawa ma tarkon da ba ya zubar da jini ya fi daɗi: ƙararrawa da ke tada masu gadi, ƙofa da ke rufewa ta raba jarumai biyu, raga da ke rataye mutum yayin da abokan gaba ke tahowa.

Wajen kwancewa, kada kuskure ɗaya ya zama tashin tarko kai tsaye. In an gaza da ƙasa da 5, kayan aiki ya lanƙwashe ko lokaci ya tafi. In an gaza da 5 ko fiye, sannan ya tashi. Ka kuma karɓi hanyoyin da ba ka rubuta ba: a shimfiɗa azara a kan ramin, a cusa ƙusa ƙarƙashin dutsen da ake takawa, a toshe ramukan kibiya da laka. A gida mai ɗaki goma tarko biyu ko uku sun isa, a wuraren da mai hankali zai tsare: bakin taska, murfin adaka, ƙofar baya. Hanyar da bayi da yaran gida ke bi kullum da tulun ruwa a kai, ka bar ta lafiya, kuma ka bari 'yan wasa su gane hakan tun da wuri don su riƙa tafiya a sake.