Shafa ITO da AZO a kan gilashi da magnetiron: kurakuran da aka fi yi a Kumasi da yadda ake gyara su

A fuskar yawancin wayoyin da ake latsawa, da allunan talabijin, da wasu nau'o'in farantin sola, akwai siririyar shimfiɗa wadda haske ke ratsawa, lantarki kuma yana bi ta cikinta. Wadda aka fi sani ita ce ITO: oksaid ɗin indiyam kashi 90, oksaid ɗin kuza kashi 10, bisa nauyi. Mai bi mata AZO, wato oksaid ɗin zinki da kashi 2 na oksaid ɗin alminiyam, wadda ta fi araha don babu indiyam a cikinta. Ga yadda ake shafa su: ana zuƙe iskar tukunyar injin, a saki iskar argon kaɗan, a kunna filasma, wato iskar da lantarki ya caje, ƙwayoyin argon masu caji su riƙa dukan faifan ITO, abin da ya ɓantale ya sauka a kan gilashi. Maganaɗisun da ke bayan faifan su ke tsare filasmar kusa da fuskarsa; wannan haɗin faifai da maganaɗisu shi ake kira magnetiron.

ITO mai kauri nanomita 150, a kan gilashin da aka ɗumama zuwa digiri 300, ya kamata ta ba da turjiyar lantarki wajen om 13 zuwa 15 a kowane murabba'i, haske sama da kashi 85 cikin ɗari yana wucewa. Ɗalibi ya kwafi lambobin wata takardar bincike daga Japan ko Jamus, ya saka su daidai, ya samu om 80 ko 200, sai ya ce faifan jabu ne. Da wuya laifin ya zama na faifai. A garinmu, abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne oksijin da ruwan da suka shiga tukunya ba da izinin kowa ba.

Ruwan da ke manne a bango

Kumasi gari ne mai laima. Da damina, danshin iskar safiya kan haura kashi 80 cikin ɗari. Duk lokacin da aka buɗe tukunya, tururin ruwa na mannewa a bangonta da garkuwoyinta, kuma shi ne iskar da ta fi wuyar zuƙewa. Kuskuren farko shi ne gajen haƙuri: ma'aunin matsin iska ya nuna 1×10⁻⁵ Torr, sai a ce ya isa.

A yi lissafi. Idan matsin aiki militor 3 ne, wato 3×10⁻³ Torr, oksijin kuma kashi 1 cikin ɗari, to rabon oksijin 3×10⁻⁵ Torr ne kacal. Ragowar 1×10⁻⁵ ɗin nan, wanda kusan duk ruwa ne, ya kai sulusin oksijin da kuka auna da hannunku. Da an matse bawul ɗin famfo don a riƙe argon, rabon ruwan sai ya ƙaru. Filasma na fasa ruwan, oksijinsa ya shiga shimfiɗar, haidirojinsa ya hana ITO zama kiristal da wuri. Yawan ruwan kuma yana sauyawa daga Yuni zuwa Janairu. Shi ya sa tsari ɗaya zai ba da sakamako mai kyau da hunturu, ya ƙi da damina, mai aikin yana ta neman dalili a wani wuri.

Kada a fara aiki sai matsi ya sauka ƙasa da 5×10⁻⁶ Torr. A kai 2×10⁻⁶ in famfo zai iya. A cika tukunya da busasshen naitirojin lokacin buɗewa, ba iskar ɗaki ba. A shirya gilashi da komai kafin a buɗe, don kada ƙofa ta wuce minti biyar a hangame. In akwai igiyar ɗumama bango, a gasa tukunyar a digiri 80 zuwa 100 cikin dare. Idan matsi ya ƙi sauka, a rufe bawul ɗin famfo, a rubuta matsin kowane minti ɗaya har goma. Ya ci gaba da hawa a miƙe babu sassauci, yoyo ne, a duba zoben roba na ƙofa, sau da yawa gashi ɗaya ko ƙura ce a kai. Ya hau da sauri sannan ya lafa, ruwa ne ko datti, maganinsa lokaci da zafi.

Wani abin da ake mantawa: ruwan sanyaya. In injin sanyaya na ba da ruwa mai digiri 15, alhali raɓa na iya sauka a ɗakin a kan duk abin da ya gaza digiri 22 ko 23, to da an buɗe tukunya bindigar magnetiron za ta yi gumi. A ɗaga ruwan zuwa zafin ɗaki, ko a tsayar da shi, kafin a buɗe.

Oksijin: kaɗan ɓarna, da yawa ɓarna

ITO na samun masu ɗaukar lantarki daga wuri biyu: kuzar da ta maye gurbin indiyam, da guraben oksijin da suka rage babu kowa. Idan oksijin ya yi ƙaranci, shimfiɗar ta fito da duhu-duhu, ruwan ƙasa, haske ya ragu. Idan ya yi yawa, ta fito garau kamar ba a shafa komai ba, amma turjiya ta tashi, domin guraben sun cike, ragowar oksijin kuma ya ɗaure kuzar. Wurin da ya dace ɗan siriri ne, galibi tsakanin sifili da kashi 2 cikin ɗari ga faifan yumɓu, kuma kowane inji da nasa. Babu takardar da za ta faɗa muku naku. A yi jeri: 0, 0.5, 1, 1.5, 2, komai sauran yana nan yadda yake, a auna, a zana. Idan aka sauya zafin gilashi, ko faifai ya zaizaye sosai, a sake jerin. AZO ta fi ITO ƙin oksijin; sau tari argon zalla ya fi mata.

Akwai tarko a nan. Kashi 1 na argon mai gudu 30 sccm (ma'aunin yawan iskar da ke shiga a minti ɗaya) shi ne 0.3 sccm. Na'urar auna gudun iska mai iyakar 50 sccm kuskurenta kaɗai kan kai 0.5. Lambar da take nunawa a wannan mataki ba abin dogaro ba ce. A nemi ƙaramar na'ura mai iyakar 2 sccm, ko a sayi tulun da aka riga aka gauraya, misali oksijin kashi 5 cikin argon, a riƙa tsarma shi da argon zalla.

Argon ɗin ma a duba shi. Na masu walda ba na wannan aiki ba ne. Ana bukatar mai tsarki 99.999, da bututun ƙarfe marar tsatsa maimakon tiyon roba, a kuma wanke layin da iskar sau uku duk lokacin da aka sauya tulu.

Faifai

Faifan ITO yumɓu ne, ba ya jure zafin farat ɗaya. Ana manna shi da indiyam a kan farantin jan ƙarfe, indiyam kuwa na narkewa a kusan digiri 157. Wanda ya murɗa wuta daga sifili zuwa wat 100 a kan faifai mai inci 2 zai ji ƙas, ko ya ga ɗigon ƙarfe a gefe. Faɗin fuskar irin wannan faifai santimita murabba'i 20 ne, wat 2 zuwa 3 a kowane murabba'i ya wadatar, wato wat 40 zuwa 60. A kunna filasma a wat 10 ko 15, a riƙa ƙara wat 10 duk minti ɗaya. A sauka ma haka, a bar ruwa yana zagayawa minti goma bayan an kashe. Sauri ya haifi nawa: faifan da ya fashe, sai an jira wani ya iso ta tashar jiragen ruwa ta Tema ko filin jirgin Accra, aikin zangon karatu guda ya tsaya.

Kafin a buɗe marfin da ke tsakanin faifai da gilashi, a bar filasma ta share fuskar faifan minti 10 zuwa 15. Sabon faifai na son fiye da haka. Alamar ya shirya ita ce boltej ya daina yawo.

Bayan an daɗe ana aiki, baƙaƙen ƙuraje kan fito a gefen zoben da filasma ta zaizaye a fuskar faifan. Ba sa ɗaukar lantarki sosai, caji ya taru a kansu, tartsatsi ya tashi, ɓarɓashi ya faɗa kan gilashi ya bar ƙananan ramuka. Faifai marar ƙarfin matsi, wanda cikarsa ta gaza kashi 99, ya fi saurin yin su. A cire shi, a goge da takardar yashi mai laushi da aka jiƙa da aisofurofanol, a busar. In filasma ta ƙi kamawa sam, a kashe wuta, a sa mitar lantarki tsakanin faifai da jikin tukunya. Tazarar da ke tsakaninsa da garkuwa milimita 1 zuwa 3 ce kawai, ɓawo ɗaya ya isa ya haɗa su. Masu aiki da RF, wato wutar lantarki mai kai-komo da saurin zangon rediyo, mai megahaz 13.56, su sa ido kan wutar da ke dawowa. In ta wuce wat biyu ko uku, ba wutar da aka rubuta ke shiga filasma ba.

Gilashi

Sabulun ɗakin gwaji, ruwa marar gishiri, asiton, aisofurofanol, kowanne minti 10 a bahon girgiza, sannan a busar da naitirojin. Gwajin mai sauƙi ne: ruwa ya bazu a kan gilashi mai tsabta, ya dunƙule a kan mai maiƙo. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, gilashin da aka wanke da safe aka bari a fili zuwa azahar sai an sake.

Gilashin taga da na madubin likita suna ɗauke da sodiyam mai yawa, wanda ke ratsowa cikin shimfiɗa idan an ɗumama. A fara shafa oksaid ɗin silikon nanomita 20 zuwa 50, ko a sayi gilashi marar sodiyam. Gilashin taga kuma yana da fuska biyu, ɗaya ta kwanta a kan narkakkiyar kuza a masana'anta. Fitilar UV mai nanomita 254 na sa ta yin farin haske. A riƙa amfani da ɗaya fuskar kullum. Robar PET tana fara laushi wajen digiri 70 zuwa 80, tana kuma shan ruwa, sai an bar ta cikin tukunya ta fitar da shi tukuna.

Turjiya ta bambanta daga wuri zuwa wuri

Wannan ya fi damun masu AZO. A auna gilashi daga gefe zuwa gefe, a ga turjiya ta ninka a wurin da ke fuskantar zoben zaizaya. Dalili: oksijin mai cajin ragi na tasowa daga faifai, boltej ɗin faifan, ɗari uku ko huɗu, ya harba shi kai tsaye zuwa gilashi, ya ragargaza tsarin shimfiɗar da ke girma. A juya gilashin yayin aiki, ko a kauce da shi daga saitin zoben, ko a rage boltej da maganaɗisu mai ƙarfi ko da RF. Ɗaga matsi na rage ƙarfin dukan, amma in ya haura militor 10 shimfiɗar kan fito sako-sako, ginshiƙai da rata a tsakaninsu, irin abin da John Thornton ya bayyana a 1974. Irin wannan AZO tana shan danshin Kumasi, turjiyarta ta riƙa hawa tana ajiye a kan tebur. Militor 2 zuwa 5, da tazarar santimita 6 zuwa 10, nan ake farawa. Samfuri kuma a rufe shi da busasshen jel na silika, a auna shi ranar da aka yi shi.

Gashi bayan shafi

ITO da aka shafa a zafin ɗaki yawanci ba ta da tsarin kiristal. Gashi a digiri 200 zuwa 250 na rabin awa zuwa awa ɗaya yana kawo tsarin, kuza ta fara aiki, turjiya ta faɗi. Kuskuren shi ne a jefa AZO cikin tanda mai iskar ɗaki a digiri 400 da wannan fata. Oksijin zai cika iyakokin ƙwayoyinta, turjiya ta yi tashin gwauron zabo. AZO a gasa ta cikin tukunyar da aka zuƙe, ko cikin naitirojin mai kashi 5 na haidirojin. Haka kuma kada a buɗe tukunya gilashi na da zafi; a jira ya sauka ƙasa da digiri 80.

Awo

Tsinkaye biyu na mitar lantarki a kan shimfiɗa ba awo ba ne, turjiyar wurin taɓawa na shiga ciki. A yi amfani da tsinke huɗu: boltej a raba da karan, wato gudun lantarki, a ninka da 4.532, muddin samfurin ya fi tazarar tsinkayen faɗi nesa ba kusa ba. Kauri ma kada a ɗauke shi daga na'urar kwaz, wadda ke auna kauri a cikin tukunya, kaɗai. A ja layi da alƙalamin maka kafin shafi, a wanke shi da asiton bayan an gama, a auna matakalar da ta rage.

Wajen haske, a faɗa ko da iska aka daidaita na'ura ko da gilashi, don gilashi shi kaɗai kashi 92 yake bari ya wuce. Lamba ɗaya a nanomita 550 kuma tana yaudara. ITO mai kauri wajen 140 tana ba da ƙololuwar haske a wurin, mai kauri 70 tana ba da mafi ƙaranci, alhali ingancinsu ɗaya ne. Kai-komon haske tsakanin fuskokin biyu ne ya jawo. A ba da matsakaici daga 400 zuwa 700.

Wuta, sassan gida da lafiyar huhu

Wanda ya zauna a Gana ya san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, famfon mai ya tsaya, mansa na iya komawa cikin tukunya, daga nan babu abin da zai manne da kyau sai an kwance an wanke. A sa bawul mai rufe kansa idan wuta ta yanke, a ɗora famfon turbo da na'urorin sarrafawa a kan UPS, wato batirin ko-ta-kwana, a haɗa wutar magnetiron da na'urar jin gudun ruwa. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari suna rasa ƙarfi in sun wuce digiri 80, kuma ba ya dawowa.

Maƙeran Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, suna iya yanka garkuwa, marfi da mariƙin gilashi da kyau, kuma ya dace a ba su aikin. Amma a kai musu ƙarfe marar tsatsa lamba 304 ko alminiyam. Ban da tagulla mai zinki, ban da kwano ko kusoshi masu rufin zinki, don zinki na tashi tururi in ya ji zafi a tukunyar da aka zuƙe. Kowane ramin kusa ya zama yana da mafitar iska. Man yanka a wanke shi tas da sabulu da asiton kafin sashen ya shiga ɗakin gwaji.

Ɓawon ITO da ke taruwa a garkuwa sai an kankare shi lokaci-lokaci, kuma a nan ne muke roƙonku da babbar murya. Ƙurar ITO na lalata huhu. An fara ba da rahoton cutar a Japan a 2003, a jikin ma'aikacin da ke goge faifai. Kada a kankare a bushe, kada a hura da iskar kwamfuresa, kada a miƙa wa yaron shago ya kai wa mai injin yashi ba tare da ya san abin da ke kai ba. A jiƙa, a sa safar hannu da takunkumi mai matata P3, a yi aikin ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, a tara ɓarɓashin da tsumman cikin kwalba mai murfi, a rubuta sunan abin a jikinta.