Yadda za ka tsara filin da ke bayan gidanka ya zama wajen hutawa

Kafin ka sayi ko kujera ɗaya, fara leƙa wajen da safe da rana da yamma ka ga inda inuwa take faɗuwa, don rumfar da ta kalli yamma zafin la'asar ba zai bar kowa ya zauna ba, ƙarshenta ta koma wajen tara tarkace.

Sai maganar ruwa, nan ne fa aka fi yin sakaci. Daɓen ko na siminti ne ko intalok dole ya ɗan gangara ya bar jikin gini, kamar santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ruwan sama ya kwanta a gindin bango ga danshi ga sauro. Kuma a binne bututun waya da na famfo tun kafin a yi daɓen, fasa shi daga baya asara ce kawai.

Bishiya a nesanta ta da katanga, saiwa tana tsaga gini. Ka zana wajen kujeru da alli a ƙasa tukuna, ka bar hanyar wucewa kamar mita 1. Fitila kam 'yar sola ma ta isa.