Kurakuran da muke yi wajen canjin kuɗi in za mu fita waje

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗin Umara ko na sarin kaya a Dubai ko Sin, sannan rana ɗaya a wajen canji ya zubar da wani kaso a banza. Kuma in ka bi diddigi yawancin asarar nan gaggawa ce take jawo ta.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne barin canji sai ana gobe tafiya. An sayi tikiti, an ɗinka kaya, an zaga dangi an yi sallama, sai da daddare a tuna ba a nemi dala ba. Ɗan canji yana ganin ka shigo kana duba agogo ya san ba ka da zaɓi, in kuwa ka bari sai a filin jirgi to nan ne farashi ya fi ko'ina tsada. Ka fara tun saura sati biyu ko uku, in a Kano kake ka leƙa Wapa, in Abuja ne Zone 4, ka ji bakin mutum uku kafin ka tsaya a kan ɗaya.

Da yawanmu kuma ba ma tunawa da banki sam. Akwai kason matafiya da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ware, PTA dala 4,000 duk wata uku ga mai tafiyar kansa, BTA dala 5,000 ga mai tafiyar kasuwanci, ana cike Fom A ta intanet a haɗa da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa. Sai dai kar ka je da tunanin garaɓasar da, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 tazarar banki da kasuwa ta ragu sosai. A farkon 2024 ma an ba bankuna umarnin su riƙa zuba kuɗin a kati maimakon miƙa tsaba, don haka ka tambayi bankinka da wuri ta wace hanya za su ba ka da kuma kwana nawa zai ɗauka, ba abin kwana ɗaya ba ne.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, karɓar takarda ba tare da dubawa ba. Mu dai in an ƙirga an ce ta cika shi ke nan sai aljihu. Wallahi dala ba duka ɗaya ba ce a idon masu canji na waje. A takardar dala 100 akwai tsohuwa mai ƙaramin kai ta kafin 1996, akwai fara mai babban kai, sannan akwai shuɗiyar nan da ta fito a 2013 mai zare mai ruwan bula a tsakiya wanda in ka karkata takardar za ka ga zanen cikinsa yana motsi. A Amurka duk suna aiki, amma kai ba Amurka za ka ba. Na taɓa tsayawa a layin wani shagon canji kusa da Harami bayan la'asar, wani dattijo ɗan gida yana gabana da takarda biyar a hannu, mai shagon ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya turo masa uku ta ƙasan gilashi, biyu tsofaffi ne ɗaya kuma an buga mata hatimi har da rubutun biro a gefe. Bawan Allah ya juyo yana ce min "ɗana duba min, ko jabu aka ba ni?" Ba jabu ba ne, kawai ba a karɓa ne, kuma guzirinsa ke nan gaba ɗaya. Sai da muka zaga shago uku kafin wani ya karɓa da ragi. To don Allah ka zauna ka duba kowace takarda da kanka, ka ce shuɗiya kake so, wadda ba ta yage ba, ba tabon mai, ba hatimi, ba a liƙe ta da salatif ba. Ka shafa kafaɗar mutumin da ke jiki za ka ji kaushi-kaushi, ka ɗaga ta a haske ka ga hoton ɓoye. Ɗan canjin kirki ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara ce maka Alhaji yi sauri mana, tashi ka bar masa kayansa.

Sai masu tura naira ga wani da suka gani a WhatsApp ko Facebook wai yana da dala mai sauƙi, gobe za a kawo. Farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai tarko ne. Ko a addini ma malamai sun ce canjin kuɗi hannu da hannu ne, ka ga kuɗinka a gabanka, ka ƙirga, sannan ka yi taransifa, kuma ka karɓi rasit.

Mai zuwa Saudiyya ya yi ɗan lissafin nan kafin ya zaɓi dala ko riyal. Riyal a ɗaure take da dala, dala ɗaya riyal 3.75, wato dala 100 riyal 375 ke nan. Ka raba farashin dala na ranar da 3.75, in abin da ake sayar da riyal a nan ya fi haka da yawa to riƙe dala ka canza a can. Amma ko yaya ka shiga da 'yan ƙananan riyal na mota da ruwa da layin waya da aski. Masu sefa kuma a kula, ta Nijar da Benin daban ta Kamaru da Chadi daban, ko da yake darajarsu ɗaya mai shago a Garwa ba lallai ya karɓi ta Maraɗi ba.

Kati ma yana ba mutane kunya. Katin naira ya yi shekaru ba ya aiki a waje, a 2025 wasu bankuna suka dawo da shi amma da iyaka, to ka san iyakar naka tun kana gida kar sai ka tsaya gaban mai otal. In na'urar ATM ko POS ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake, in ka bar na'ura ta yi maka canji farashinta ya fi tsada. Mai zuwa Guangzhou a Sin ya sauke manhajar Alipay ko WeChat ya haɗa da katinsa tun daga nan, can kusan komai da waya ake biya. Kuma kar ka zuba komai a wuri ɗaya, wani a kati, wani a jiki, wani a jaka.

Maganar kwastam ita ce mai kai mutum ga babbar asara. In abin da ke hannunka ya haura dala 10,000 dole ka bayyana a filin jirgi kafin ka fita daga Najeriya, fom ne kawai za ka cike, amma mutane sai su ɓoye cikin kaya don tsoron kar a karɓe, alhali ɓoyewar ce ke sa a ƙwace har a kai mutum kotu. Can ma inda za ka suna da tasu dokar, Dubai dirhami 60,000 ne, Sin kuwa daga dala 5,000. Saƙon kuɗin da wani ya ba ka ka kai masa shi ma a kanka za a lissafa, in ba ka san abin da ke cikin ambulan ba kar ka karɓa.

In za ka dawo ka kashe silalla da ƙananan takardu a can, a gida ba mai karɓar silalla, ƙananan kuma da ragi ake saye. Manyan da suka rage in kana da niyyar komawa ka adana su a ambulan inda danshi ba zai taɓa su ba, ko ka zuba a asusunka na dala.