Yadda Ake Rubuta Sharhin Siyasa Daga Ɓangaren Talaka a Lokacin Zaɓen Shugaban Ƙasa

Sharhin da ya ɗauki ɓangaren talaka tambaya guda yake bi duk inda ya shiga: wa zai biya, kuma wa zai ci riba? Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ake auna mai mulki da abin da yake karɓa daga hannun talaka da abin da yake mayar masa. Lokacin da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, abin da kowane magidanci da kowane makiyayi ya ji a aljihunsa ba sai an yi masa bayani ba. Irin wannan ma'aunin ake nema a sharhi. Mai rubutu da ya cika shafi da "azzalumai" da "'yan jari-hujja" bai kawo lamba ko ɗaya ba, wa'azi ya yi wa waɗanda suka riga suka yarda.

Zaɓi alkawari ɗaya, ka nemo shi a rubuce

Kada ka ce za ka yi sharhi a kan ɗan takara gaba ɗayansa. Ɗauki alkawari ɗaya: tallafin mai, albashi, taki, kuɗin makaranta, ko tsaro. Sannan ka nemo inda ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta a kundin manufofinsa, ka riƙe rana da wuri. Guntun bidiyon daƙiƙa 30 da ke yawo a WhatsApp ba hujja ba ne sai ka ga cikakken jawabin, domin sojojin baka na kowane ɓangare sun ƙware wajen yanke magana a tsakiya. Ka ajiye hoton shafin da kwanan watansa a wayarka. Ana goge abubuwa bayan zaɓe.

Daga nan ka duba abin da sauran 'yan takara suka ce a kan wannan batun. Nan ne da yawa suke faɗuwa. A zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire tallafin mai. Wanda ya rubuta kamar mutum ɗaya ne ya zo da wannan ra'ayi ya ɓoye wa mai karatu babban labarin, wato manyan 'yan takara uku sun yi saɓani a kan yanki da addini da jam'iyya, amma bakinsu ɗaya a kan abin da ya fi taɓa tukunyar talaka. Wannan shi ne sharhin, ba wanda ya fi wani iya magana a dandali ba.

Mayar da alkawarin zuwa lita da mudu

Tiriliyan ba ya shiga kan mutum. Lita tana shiga. Ga yadda ake yi da batun mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin, ana sayar da lita wajen naira 195, mafi ƙarancin albashi kuma naira 30,000 ne. Raba 30,000 da 195, ka samu lita 153. A watan Yulin 2024 aka ɗaga albashin zuwa naira 70,000, a watan Oktoba kuma lita ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Raba 70,000 da 1,030, ka samu lita 68. Albashi ya ninka fiye da sau biyu, abin da yake saye bai kai rabin na da ba. Jimla biyu sun gama maganar da wani zai yi shafi uku yana kewayawa.

Sai ka ƙara abu biyu da gaskiya ta wajabta. Na farko, yawancin talakawa ba su cikin lissafin albashi ko kaɗan: manomi, ɗan acaba, mai shayi, mai sayar da ƙosai, babu wanda ya ƙara musu komai. Saboda su, je kasuwar unguwarku ka tambayi farashin mudun masara da shinkafa da kuɗin motar zuwa gari, ka rubuta sunan kasuwar da ranar. Farashin kasuwa ɗaya ne, ka faɗi haka, kada ka ce na Najeriya ne. Na biyu, kuɗin tallafin bai ɓace ba. Kason da ake raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata ya ƙaru sosai bayan cire tallafin da barin kasuwa ta tsayar da darajar naira, kuma ana wallafa alƙaluman rabon. Sharhin da ya tsaya a Abuja bai tambayi gwamnan jiharsa ina nasa kason ya tafi ba, rabin aiki ya yi.

Akwai tarko a alƙaluman hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce ya kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, sai a Janairun 2025 ta ce kashi 24.48. Ba farashi ne ya sauka ba, tsarin lissafin aka sabunta. Kada ka kwatanta lambar gaban sauyin da ta bayansa kai tsaye, kuma kada ka bari mai magana da yawun gwamnati ya yi hakan bai sha tambaya ba. Haka nan ko da lambar ta ragu da gaske, ma'anarta farashi yana tashi a hankali fiye da da, ba wai ya dawo ba.

Kasafin kuɗi yana da fuska uku

Akwai abin da shugaban ƙasa ya kai majalisa, akwai abin da majalisa ta amince da shi aka sa hannu, akwai kuma abin da aka saki da gaske. Kasafin 2025 ya shiga majalisa a kan kusan naira tiriliyan 49.7, ya fito a kan tiriliyan 54.99. A daftarin farko an ware tiriliyan 15.81 don biyan bashi, 4.91 don tsaro, 3.52 don ilimi, 2.48 don lafiya. Haɗa ilimi da lafiya ka samu tiriliyan 6, wato biyan bashi ya ninka su sau biyu da rabi har da ɗoriya. Idan za ka yi amfani da waɗannan lambobi, ka ce na daftari ne. Fuska ta uku ita ce mafi muhimmanci kuma ita ce mafi wuyar samu, sai an bi rahotannin aiwatar da kasafi na ofishin kasafin kuɗi, waɗanda sukan fito a makare. Ga ma'auni mai sauƙi na lafiya: a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Raba kason lafiya da jimillar kasafi ka ga tazarar.

Rubutu a kan yaƙi

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina, domin akwai gawa a cikin maganar. Ƙaramin sojan da ke Sambisa ko dajin Zamfara ɗan talaka ne, wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa ma haka. Sharhin da ya zagi soja a dunƙule ya rasa masu karatunsa, kuma ya kauce wa inda matsalar take. A bi kuɗin da umarnin, a bar mai riƙe da bindiga.

Kuɗin yana da tarihi a rubuce. A Disamban 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ka lura da kalmar "zargi", haka za ka rubuta muddin kotu ba ta yanke hukunci ba. A Disamban 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don yaƙi da Boko Haram, a 2018 aka biya Amurka kusan dala miliyan 496 na jiragen Super Tucano 12, waɗanda suka iso a 2021. Kada ka raba kuɗin gida 12 ka ce ga farashin kowane jirgi, domin cinikin ya haɗa da makamai da horo da kayan gyara, kuma mai kare gwamnati zai kama ka da wannan ya watsar da sauran maganarka. Sai kuɗin tsaro da gwamnoni da wasu jami'an gwamnati ke karɓa ba tare da bin diddigi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 ya kai dala miliyan 670 a shekara. Tambayar da ta dace da ɗan takara ita ce ko zai sa a riƙa binciken wannan kuɗi, ba ko zai "kawo ƙarshen matsalar tsaro cikin wata shida" ba.

Wajen ƙirga waɗanda suka mutu, faɗi wanda ya ba da adadin. Bayan jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi ranar 3 ga Disamban 2023, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 aka binne, wasu majiyoyi suka kawo adadin da ya fi haka. Rubuta duka biyun da sunan mai kowanne. Ka kuma tuna wa mai karatu ba shi ne na farko ba, an jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, sannan ka tambaya wa aka hukunta, wa aka biya diyya. Kuma yawancin waɗanda yaƙi ke kashewa ba harsashi ke samunsu ba. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 350,000 ne suka mutu a Borno da Yobe da Adamawa zuwa ƙarshen 2020, kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai a fagen faɗa, sauran yunwa da cuta, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Takunkumi ma yaƙi ne ta wata hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta yi barazanar tura sojoji, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A tsakanin nan 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi da Illela da Ƙonni ne suka ɗauki nauyin, ba janar-janar ba. Ana iya faɗin wannan ba tare da an wanke masu juyin mulki ba, kuma dole a yi hakan, domin sojan da ya ƙwaci mulki yana zagin Faransa bai zama na talaka ba don wannan kaɗai.

Lambobin zaɓe da kuɗin takara

Sakamakon 25 ga Fabrairun 2023: Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba, wanda ya ci kuma ya samu ƙuri'ar ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane goma masu rajista. Mafi girman rukuni a ƙasar su ne waɗanda suka zauna a gida, kuma kusan babu mai rubutu a kansu. Idan za ka yi maganar maguɗi, kawo rumfa: sunanta, hoton takardar sakamakon rumfa (EC8A) da aka sa wa hannu a wurin, da abin da aka ɗora a IReV, shafin da hukumar zaɓe ta INEC ke ɗora sakamako. "Kowa ya sani an yi maguɗi" ba ya tsayawa ko a kotu ko a gaban mai karatu mai hankali.

Kuɗin shiga takara kuwa shi kansa sharhi ne. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Mai albashin 30,000 na lokacin sai ya tara albashinsa na sama da shekara 277 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya sayi na APC. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade naira biliyan 5 a matsayin iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe. Majalisa takan gyara dokar kafin zaɓe, don haka duba wadda ke aiki a ranar da kake rubutu.

Ma'auni ɗaya ga kowa, har da naka

Babbar cutar wannan rubutu ita ce marubuci ya zame ya zama ɗan amshin shatan wani ɗan takara saboda ya sa jar hula ko yana ambaton Malam Aminu a dandali. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, tun Malam yana raye, don haka riƙe sunansa bai taɓa zama shaidar komai ba. Duba abin da mutum ya yi da ya riƙe jiha: albashi, fansho, filayen gwamnati, bashin da ya bari. Cuta ta biyu ita ce sharhin ya juye ya koma Arewa da Kudu. Rahoton NBS na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. 'Yan Arewa sun daɗe suna mulki a Abuja da jihohin nan, saboda haka lambar tambaya ce gare su kafin kowa.

Kare kanka kafin ka wallafa

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka a rubuce. Kai takardar da kanka, a buga maka hatimin karɓa a kwafi. Bayanan tsaro suna cikin waɗanda za a iya hana ka, amma ƙin amsar ma abin rubutawa ne, da rana da sunan ofishi. A jihohin Arewa ɓata suna laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kai, sashe na 24 na dokar laifukan intanet kuma an gyara shi a 2024 amma ba a daina kama masu rubutu da shi ba. Saboda haka kada ka kira mutum ɓarawo. Ka ce ga abin da aka ware, ga abin da aka gani a ƙasa, ga wanda ya sa hannu. Kada ka sa sunan talakan da ya yi maka magana a ƙauyen da 'yan bindiga ke shiga, ko da ya ce ka sa.

Kalma 700 zuwa 900 sun isa sharhi ɗaya, da lambobi uku ko huɗu, ba goma ba. Karanta shi da ƙarfi ka naɗa a murya ta minti biyar, domin da yawa daga waɗanda kake magana a kansu sauraro suke yi, ba karatu ba. Ka fitar da shi da sauran lokaci, tunda dokar zaɓe ta 2022 ta hana yaɗa abin da ke tallata ko sukar ɗan takara a kafafen watsa labarai cikin awa 24 kafin ranar zaɓe.