Kashin doki a gindin mangwaro: sai ya ruɓe tukuna

Salama alaikum 'yan uwa. Ga mai barga a gida kuma yana shirin dasa mangwaro ko gwaba da damina, ga shawara.

Kada ku kwashe kashin doki daga turke ku zuba shi kai tsaye a ramin dashe. Ɗanyen taki zafi gare shi, yana ƙona saiwar ƙaramin dashe, ga irin ciyawa da yake fitowa da shi daga cikin dokin. Ragowar harawa da tattakar da ke haɗe da shi kuma gara suke kira, ita kuwa gara ba ta yi wa sabon dashe da sauƙi.

Ku tara shi gefe guda a inuwa, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk bayan mako biyu. Bayan kamar wata 3, idan ya yi baƙi, warin ya tafi, kun sa hannu ciki ba ɗumi, to ya nuna. Sai a cuɗa shi da ƙasar saman ramin a mayar. Ramin ya kai santimita 60 zurfi da faɗi, tsakanin mangwaro da mangwaro kuma a bar mita 10, ko da yanzu filin zai yi kamar an yi asararsa.

In dashen mai aure ne, wato wanda aka haɗa masa reshen wani iri, kada a binne mahaɗar, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ita a cire. Furen shekarar farko ma a tsinke shi. Sai shinge, don awakin maƙwabta ba sa neman izini.